Ƙafar Hagun Kawu Nomau

Ku da kuka san Kawu Nomau, in na ce ku rufe ido ku gano shi, na san ba fuskarsa za ku fara gani ba. Takalmansa za ku gani, rataye a wuya da igiyar kaba, suna lilo a ƙirji kamar laya, shi kuma yana taka rairayin hanyar Yekuwa zuwa Magarya da ƙafar da Allah ya ba shi. Takalman taya ne fa, irin waɗanda ko kura ta tauna sai ta tofar. Amma Kawu tausayinsu yake ji. Sai ya iso bakin gari ya zauna, ya kakkaɓe ƙafa, ya saka su don mutuncin kasuwa. Da ya fito ya cire, ya mayar da su wuya.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da alli a lakwal, na koya wa ƴaƴan mutane abubuwa masu wuya, har da yadda duniya ke zagaya rana. Kawuna kaɗai na kasa koya wa cewa takalmi don ƙafa aka yi shi. Na taɓa gwadawa, wata bazara, rairayi kamar an kwaso shi daga kaskon suyar gyaɗa.

"Kawu, don girman Allah saka takalmin nan, ƙafarka za ta ƙone."

"Mushe," in ji shi, wato malamin lakwal, don tun ranar da na fara aiki bai sake kiran sunana ba, "wa ya yi ƙafa?"

"Allah."

"Wa ya yi takalmi?"

"Baduku."

"To in ƙafa ta tsage, Mai ita ne ke ɗinkewa, kuma bai taɓa ce mini in dawo jibi ba. Rubuta wannan a kayenka."

Da na karɓi albashina na farko, ƙuruciya ta sa na ce bari in kunyata shi da alheri. Na sayo masa takalmi sau-ciki baƙi, mai sheƙi. Ya ɗan yi masa yawa, na fara ba da haƙuri, ya ce a'a, hakan ya fi, ko ƙafa za ta ƙara girma. Mutum mai shekara arba'in da wani abu! Ya naɗe su a takardar buhun siminti ya kulle a akwati. Kowace Salla sai ya fito da su, ya hura musu iska, ya sa mini albarka, ya mayar. Matarsa Inna Habsu takan ce a duk gidan nan su kaɗai ne ƴan kulle.

To ga inda gizo ke saƙar. A gidan su Kawu akwai al'ada tun kakanni: wanda ya binne ramin farko da ƙafarsa a gandu ranar shuka, shi ke da bakin rumbu a shekarar. Shi zai ce a buɗe, shi zai ce a rufe, shi zai auna wa mata hatsin daka. Kuma kun san yadda Kawu ya karɓi wannan sarauta. Shekarar da gwiwoyin kakanmu suka ƙi, aka ɗoro tsoho a jaki zuwa gona. Kafin a sauke shi Kawu ya riga ya zuba iri ya take da dunduniya, ya juyo cikin ladabi ya ce, "Baba, wanda aka ɗauko bai zo ba." Kaka ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce, "Allah ya ba ka tsawon rai, Nomau." Mun ɗauka addu'a ce kawai. Ashe tsoho tarko ya ɗana ya tafi abinsa.

Mulkin Kawu a kan rumbu kuwa, sai wanda ya ci tuwon gidan. Gero mai shekara uku yana nan an liƙe bakinsa da laka, ana cin na bara, ana hararar na bana. Ƙwaryar awonsa, a cewar Inna Habsu, ita kaɗai ce ƙwarya a duniya da ke ƙanƙancewa in ta tsufa. Babban ɗansa Lawali kuma Allah ya yi shi da buɗaɗɗen hannu, irin wanda in baƙo ya tambaye shi hanya sai ya haɗa masa da dami. Kawu yakan dube shi ya girgiza kai: "Ranar da rumbu ya faɗa hannun wannan, ko ɓera sai ya yi ƙaura."

Sai ga shekarar da ciwo ya zo. Bayan an gama ɗaurin gero ne, yana tsaye bakin rijiya da safe, guga ya suɓuce masa, ya sulale. Tansiyo ce, wato hawan jini, ta hau, ɓarin hagu ya shanye. Aka kai shi Damagaram a mota. Da ya farfaɗo ya ji labari, abin da ya fara faɗa da karkataccen bakinsa shi ne, "Ban sani ba aka ɗauko ni. Wannan ba ya ciki." Bakin ne ya fara warkewa, abin da Inna Habsu ta ce ita da an shawarce ta da an fara da hannu.

Hannun ya dawo rabi da rabi. Ƙafar ce ta ƙi. In ya ɗaga ta sai tafin ya langaɓe, yatsu su ja ƙasa, idon sawu ya murɗe, ya tafi luu sai an tare. A can aka haɗa shi da wata madam kine, wato masu koya wa jiki motsi bayan ciwo, mace gajera mai murmushi da idon mai tsaron jarrabawa. Aka auna ƙafar, aka yo masa abin da suke kira aparai: farar roba mai tauri da ke bi ta ƙarƙashin tafi ta hau bayan ƙwauri, da maɗauri a sama, tana riƙe tafin kar ya faɗi. Madam ta ce da safa ake sawa, a cikin takalmi rufaffe, kuma kullum, duk inda za shi. Lawali ya cire nasa takalmin ya ba shi. Ku zo ku ga Kawu tsakanin ƙarafa biyu na dafawa yana takawa kamar soja! Ni da nake kallo na san dalili: takalmin wani ne ke gogewa.

Aka dawo gida da randebu, wato ranar komawa asibiti, duk wata a Magarya, inda madam ɗin ke zuwa duba masu irin ciwonsa. Ranar randebu ta farko na baro Dungas, inda nake koyarwa, na tare su a ƙofar asibiti. Ga Kawu a amalanke yana sanar da duk mai wucewa cewa shi bai zo ba, kawo shi aka yi. Ga aparai rataye a wuyansa da igiyar kaba, fari tas, kusa da takalman taya. A nan bakin ƙofa ya sa aka ɗaura masa.

Madam ta kwance shi, ta juya, ta leƙa ciki, har ta sunsuna.

"Baba, kana sawa kuwa?"

"Ba ga shi kin cire daga ƙafata ba, ƴata?"

"A gida nake nufi."

"A gida? Cikin wannan rairayin? Abu mai kyau haka, wanda aka yo tun daga Damagaram? Haba Madam, ke ma kya so ki gan shi a goge?"

"Shi nake so in gani, Baba. In ya dawo mini sabo wata mai zuwa, ka nuna ba ka buƙata. Zan karɓe abina."

Na ga idon Kawu ya ƙanƙance. A ba shi abu a karɓe? Ai gara a ce masa an yi fara.

Bayan mako biyu na je gaishe shi. Na same shi gindin darbejiyar ƙofar gida tare da amininsa Ja'e, Bafillacen da ke kiwo bayan gari. Kakar Kawu Babarbariya ce, saboda haka tun suna samari ba sa haɗuwa ba su ci naman juna ba. Ja'e na kwance a tabarma yana riƙe da ciki, dariya ta hana shi amsa sallama. Na duba. Aparai na ɗaure tsaf, da safa, da takalmin Lawali. A ƙafar dama.

"Kawu, ai ta hagu ce ba lafiya!"

"Na sani, ni ke ɗauke da ita. Waccan jan ƙasa take yi, kwana uku za ta cinye mini shi. Wannan ita ta san darajar kaya. Madam gumi take so ta gani a ciki, ga shi nan ana tara mata."

"Mushe," in ji Ja'e yana share hawaye, "ka shaida. Saniya ta karye, bawana ya je ya ɗaure wa bijimi. Da nagge ce aka ba Babarbare kiwo, da wutsiya zai ba ciyawa."

"Rufe mini baki, Fillo. Kai da aka haifa a bayan saniya me ka sani game da kayan asibiti?"

Mun yi dariya, ba zan ɓoye ba. Amma a hanyar komawa kan kabu-kabu dariyar ta ƙare mini. Ƙafar hagun nan ta fara sirancewa. Madam ta ja ni gefe tun ranar randebu ta ce ƙafar da ba a takawa mantuwa take yi, kamar ɗalibin da ya daɗe bai zo aji ba, kuma akwai lokacin da in ya wuce sai dai haƙuri.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, gawo ya fara shirin zubar da ganye. Wata ranar hutu ina gidan, Lawali ya durƙusa gaban uban ya ce, "Baba, bana in ruwa ya sauka sai in ɗauke ka a amalanke, ka sa mana albarka daga bakin gona." Da zuciya ɗaya ya faɗa, bawan Allah. Ja'e kuwa da ke gefe ya ɗaga kai sama kamar mai neman hadari, ya ce, "Wai wane ne ma ya taɓa cewa wanda aka ɗauko... yaya ma take, Mushe? Kai ne mai karatu." Kawu ya dubi rumbunan nan uku, ya dubi Lawali, kamar mai kallon akuya a bakin shanyar gari.

Abin da ya biyo baya, Inna Habsu ta rantse ba shirinta ba ne. Ni dai na koyar da yara shekaru da yawa, na san fuskar wanda ya jefa alli ya naɗe hannu. Washegari Lawali ya wayi gari da buƙatar takalminsa, wai za shi ɗaurin aure Dantchiao, kuma Inna ce ta tuna masa. Randebu saura kwana biyu. Ba takalmi, ba aparai. Ba aparai a ƙafa, Madam ta karɓe.

"A sayo wani a kasuwa mana," in ji Inna, tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"A sayo? Ina da takalmi a sayo? Ɗauko mini akwati."

Aka fito da ƴan kulle. Wallahi suna nan yadda na sayo su, har sheƙin. Girman da suka yi masa ya zama daidai da aparai, Kawu ya dube ni da alfahari: "Ban ce maka ƙafa za ta ƙara ba?" Ya saka, ya dafa sanda, ya miƙe. Taku ɗaya. Taku biyu. A na uku muka ji ɓurus, kamar an taka busasshen ƙosai. Ya ɗaga ƙafa, tafin takalmin ya zauna a ƙasa, ya marmashe ya zama baƙin gari. Ɗayan ma haka. Kawu na tsaye da saman takalmi a ƙafa, ƙasan babu.

Ba wanda ya yi dariya, har Ja'e. Kawu ya zauna, ya ɗebi garin a tafin hannu yana murzawa.

"Ko sau ɗaya ban taka su ba," ya ce a hankali. "Ko sau ɗaya."

"Shi ya kashe su, Malam," in ji Inna Habsu. "Da ka taka su, da aƙalla sun ga Magarya."

Kawu ya kakkaɓe garin daga hannunsa. Sannan ya janye wandonsa ya dubi ƙwaurin hagu, ya dubi na dama, ya auna su da yatsu kamar mai tayin rake.

"Mushe. Ita ma haka take yi?"

"Haka Madam ta ce, Kawu."

"Wato ina zaune ana ci mini ƙafa, ba wanda ya amfana?"

"Ko ɓera, Kawu."

"Innalillahi! Asara! A kira mini baduku!"

Kun ga, wa'azin likita bai shige shi ba, roƙon iyali bai shige shi ba. Asara ce kaɗai yaren da yake ji. Baduku ya yanko taya ya ɗinke wa saman takalmin sabon tafi, abin ya fito kamar an aura wa ɗan birni ƴar ƙauye, amma ya riƙe aparai daram. Daga ranar Kawu ya zama fitina iri ta biyu. Tun sassafe ƙwas, shuu, ƙwas, shuu, daga zaure zuwa darbejiya. Bayan mako, zuwa masallaci. Bayan wani makon, rijiya. Yana tafe yana yi wa ƙafar faɗa kamar dirakta ya kama malalacin ɗalibi: "Ɗago! Ɗago, ƴar banza, ƴar'uwarki ta gaji da yi miki aiki!" Ya faɗi sau biyu. A na biyu ya fasa goshi, Lawali ya rugo zai ɗaga shi, ya daka masa tsawa: "Kar ka taɓa ni! So kake a ce an ɗauko ni?" A randebu na gaba Madam ta ga aparai ya yi dauɗa, maɗaurin ya fara zare, ta ce, "Yauwa Baba, yanzu ka burge ni." Ya ce, "Ke dai ba ki da tausayin kaya."

Ruwan shuka ya sauka wata Juma'a da la'asar. Asabar tun da sassafe na hau kabu-kabu, don wannan jarrabawa ba ta da zagaye na biyu. Gandun ba nisa, mai lafiya zai je kafin shayi ya tafasa, amma Kawu bai taɓa wuce rijiya ba, rijiya kuwa rabin hanya ce. Mutanen gida duk sun riga shi. Lawali ya gama sara da sungumi, ramuka sun yi layi, mata na tsaye da ƙoren iri, ba wanda ya zuba ko ƙwaya. Matsalar ita ce rairayinmu ba ya jiran kowa. In hantsi ya ɗaga, danshi ya tafi, dole a shuka ko da shi ko ba shi.

Ni da Ja'e muka sa shi a tsakiya, an hana mu taɓa ko bakin rigarsa. Ya wuce rijiya. Daga nan numfashi ya fara yi masa nauyi, gumi na ɗiga daga gemu. Wajen wata ƴar kwari inda rairayi ya yi laushi ya tsaya cak. Daga can muna hango Lawali yana duban rana, yana duban mu.

Ja'e ya matso, ya sassauta murya kamar mai lallashi. "Zauna ka huta, bawana, ka yi ƙoƙari. Dama Lawali ya yi mini alkawarin dami goma na tsohon geron nan in ya karɓi rumbu. Shanuna na son tsohon gero."

"Shanu? Gerona? Mai shekara uku?"

Wallahi ban san inda ƙarfin ya fito ba. Ƙwas, shuu, ƙwas, shuu, yana tafe yana tsine wa Fulani tun daga kan na farko, Ja'e na biye yana ƙara dami: goma sha biyu, goma sha biyar. Haka muka iso bakin gona, mata suka rangaɗa guɗa.

Sai Kawu ya zauna kan kututture, ya fara kwance takalmi.

"Baba, me kake yi?" in ji Lawali.

"Wa ka taɓa gani ya shiga wa gona da takalmi? Tsararka ce da za ka raina?"

Ya cire takalmin, ya kwance aparai, ya zaro igiyar kaba daga aljihu, ashe da ita ya taho, ya rataya su a wuya. Muka yi ca, ya ce mu yi masa shiru. Ramin farko taku uku ne daga kututturen. Ya miƙe a kan sanda, hannun dama na riƙe da ita, na hagu ba ya iya damƙar iri. Ya dubi Inna Habsu. Ta matso ta zuba ƙwayoyin a ramin. Ya kafa sanda, ya jingina da ƙafar dama, ya jawo ta hagu. Tafin ya langaɓe yadda ya saba, yatsu suka ja rairayi, suka share shi cikin ramin, suka rufe shi lif, kamar an shafe da hannu.

Ya tsaya yana kallon wurin. Sannan ya ɗago.

"Kun gani? Wata takwas tana jan ƙasa kuna cewa ciwo. Ashe bitar shuka take yi."

Lawali ya juya baya, wai rairayi ya faɗa masa a ido. Inna Habsu ta ce, "To sai ka mayar da abinka ƙafa, ko so kake a ɗauke ka zuwa gida?" Ya mayar, ba musu.

Rumbu ya zauna a hannunsa. Amma a cikin daminar nan, lokacin da hatsi ya yi wuya a gari, ya sa aka fasa lakar mai shekara uku, aka raba wa dangi da maƙwabta, har Ja'e ya samu, da sharaɗin ba shanu ba. Na ce, "Kawu, lafiya?" Ya ce, "Kar ya yi mini irin ta takalminka." Da ƴar ƙwaryar nan dai ya auna, kar ku ce mutum ya canza gaba ɗaya.

Damina uku ya ƙara binne ramin farko. A ta huɗu, ana saura kaɗan ruwa ya sauka, ya kwanta kwana biyu, Mai ƙafar ya karɓi abinsa. Cikin wasiyyarsa har da ni: in kai wa Madam aparai, ta gani ko ya saka. Na kai mata. Robar ta koma ruwan ƙasa, dunduniyar ta cinye, maɗaurin asali ya daɗe da tafiya, baduku ya maye shi da jan fata sau biyu. Ta juya shi, ta leƙa ciki kamar ranar farko. Sannan ta tambaye ni ko za mu bar mata, ta rataya a inda masu taurin kai za su gani. Na ce sai dai da igiyar kaba.

Bana Lawali ne ya binne ramin farko. Ya zo da ƙafarsa, ya cire takalmi a bakin kututture, ya daɗe tsaye kafin ya taka.

Allah ya jiƙan Kawu Nomau, ya yafe masa ƴar ƙwaryarsa, ya auna masa da babba. Allah ya sa ƙasar da ya girmama ta yi masa laushi. Ranar da za a tsallake siraɗi, ya Ubangiji, ka ƙarfafa masa ta hagun nan, ka bar shi ya taka da kansa har ƙofa. Ka fi mu sanin bawanka: in aka ɗauko shi, cewa zai yi bai zo ba.